Haruffan Gotik: Yadda Rubutun Karatu Ya Koma Rubutun Kallo

A falon gidaje da yawa akwai takardar shaidar gama makaranta a cikin firam, rataye a bango. Ka matsa kusa ka dubi layin farko, inda aka sa sunan jami'ar ko kwalejin. Sau da yawa haruffan wurin ba irin na sauran takardar ba ne: baƙaƙe wuluk, masu kauri, masu kusurwa kamar da gizago aka sassaƙe su, manyan baƙaƙen kuma sun sha ado har sai ka ɗan dakata kafin ka raba S da G. Irinsu ne a goshin jaridar New York Times da Washington Post da Le Monde ta Faransa. Turawan Ingila suna ce musu blackletter, wato baƙin harafi, sunan da zai ba Bahaushe dariya, tunda a wurinmu kowane harafi baƙi ne, yaro ma da babbaƙu yake fara allo. Wasu suna cewa Old English, wasu Gotik. Zan riƙe Gotik don ya fi sauƙi a baki.

Yau kusan ba mai buga littafi sukutum da waɗannan haruffa. Amma sun yi fiye da shekara 300 suna zaman rubutun yau da kullum na yammacin Turai, a Jamus kuwa sun kai har 1941. Da su aka rubuta doka da addu'a da littattafan likitanci, da su yara suka koyi karatu. Yadda rubutun da ake karantawa ya koma wanda ake kallo kawai, shi ne labarin.

Kafin zuwansu, Turai tana da wani hannu mai zagaye, mai sarari, wanda ya bazu a zamanin Sarki Charlemagne wajen shekara ta 800. Daga ƙarni na 12 sai abubuwa suka sauya. Jami'o'i suka tsiro a Paris da Bologna da Oxford, ɗalibai suna neman littattafan shari'a da tauhidi da magani, aikin kwafi ya fita daga gidajen sufaye ya koma hannun marubutan gari masu karɓar lada. Takarda ba ta wadata ba tukuna. A kan gyararriyar fatar maraƙi ko ta tunkiya ake rubutu, fata kuwa kuɗi ce. Sai marubuci ya riƙa matse haruffa, yana rage faɗinsu, yana gutsure kalmomi, don layi ɗaya ya ɗauki abin da biyu suke ɗauka a da.

Wannan shi ne bayanin da aka fi yi, kuma gaskiya ne, sai dai bai cika ba. In ka ga manyan littattafan ibada na coci na wancan zamani, haruffan manya ne ƙwarai, gefen shafin kuma an bar shi fili fetal. Wanda yake tattalin fata ba ya haka. Akwai batun ɗanɗanon zamani a ciki. Lokacin ne maginan Faransa suka bar baka mai zagaye suka koma mai tsini, majami'u suka miƙe sama siri-siri. Idon mutanen ya so abu tsaye mai kaifi, a dutse da a tawada.

Sirrin siffar kuwa yana bakin alƙalami. Duk wanda ya taɓa feƙe alƙalamin kara ya san in bakin ya yi faɗi, sandar da ka ja ƙasa takan fito da kauri, wadda ka ja a karkace ta fito siririya kamar zare. Su da gashin dinya suke yin nasu, su yanke bakin da faɗi, su riƙe shi a ɗan jirkice. Abin da marubutan Gotik suka ƙara shi ne sun daina zagayawa da hannu. Inda ya kamata alƙalami ya yi lanƙwasa, sai a tsaya, a ɗaga shi, a sake sabuwar sanda ta wata fuska. Harafin o ya tashi daga ƙawanya ya zama abu mai kusurwa shida. Kan kowace sanda da ƙafarta suka sami ɗan murabba'i a karkace. Shi ya sa Jamusawa har gobe suke kiran dangin gaba ɗaya karyayyen rubutu, kuma sunan Fraktur, ɗaya daga cikin dangin, daga kalmar Latin ta karaya ya fito.

Mafi tsauri a dangin shi ne Textura, daga kalmar saƙa. An daidaita kaurin sanda da farin da ke tsakanin sanduna, har shafi ya zama kamar darnin kara in ka hango shi daga nesa. Kyau kam akwai shi, amma ga inda gizo yake saƙar: haruffan i da u da n da m duk sanda ɗaya ce ake maimaitawa. Rubuta kalmar mummuna a wannan hannu, za ka sami sanduna 15 a jere, iri ɗaya, kafin ka kai ga a. Kalmar Latin minimum ma 15 ɗin ce cif, ba ko harafi ɗaya da zai ba ido wurin kamawa. Don maganin wannan ne marubuta suka fara sa ɗan karkataccen layi a kan i, wanda daga baya ya dunƙule ya zama ɗigon da muke sawa yau. Mai karatun allo zai gane matsalar nan take, domin irinta ce ta sa aka yi wa ba da ta da sa ɗige-ɗige a rubutun Larabci. Ɗigon da ke kan i a duk saƙon da ka tura da waya, gadon wahalar Textura ne.

A Italiya da Sifen ba su yarda da wannan tsauri ba. Nasu, Rotunda, ya riƙe kaurin amma ya bar o da c da d da ɗan zagayensu. Akwai kuma hannun sauri na wasiƙu da takardun kotu, wanda ya haɗu da na littafi ya haifi wani tsaka-tsaki da aka laƙaba wa Bastarda, sunan da ba sai an fassara ba.

A cikin wannan duniya Johannes Gutenberg na birnin Mainz ya tashi. Da ya zo buga Baibul ɗinsa mai layi 42 a kowane shafi, wanda ya kammala wajen 1455, bai yi niyyar kawo sabon rubutu ba. So yake mai saye ya kasa bambance aikinsa da na ƙwararren marubuci. Don haka ya zuba haruffan Textura da dalma da kuza da antimoni, kuma bai tsaya a kan harafi ɗaya siffa ɗaya ba: ya yi siffofi kusan 290, har da haruffa masu manne da juna, da alamun gutsure kalma, da wasu da aka aske musu gefe don su zauna daf da maƙwabcinsu. Da wannan ne ya sa kowane layi ya ƙare daidai da ɗan'uwansa. Ya kuma bar gurabe fari inda masu zayyana za su zo su zana manyan baƙaƙen farkon sura da ja da shuɗi, da hannu. An buga kwafi wajen 180, mafi yawa a takarda, kaɗan a fata. 49 sun kawo yau, wasu cikakku, wasu da giɓi.

Akwai wata shaida daga lokacin da nake so a riƙe. A watan Maris na 1455, wani babban malamin coci ɗan Italiya, Enea Silvio Piccolomini, wanda daga baya ya zama Fafaroma Pius na Biyu, ya rubuta wa wani kadinal cewa ya ga wasu shafukan sabon Baibul ɗin a Frankfurt, rubutun tsaf, har mutum zai karanta ba tare da tabarau ba. Rubutun da yau muke cewa ba ya karantuwa, shi ne wani yake yabo da sauƙin karatu. Sabo turken wawa ne, in ji Hausawa, kuma ido ma yana da nasa turken. Amma kada a ɗora wa sabo komai. Kusan shekara 90 kafin haka, mawaƙin Italiya Petrarch ya yi ƙorafi a wata wasiƙa cewa rubutun zamaninsa yana burge ido daga nesa, yana gajiyar da shi daga kusa, kamar ba don karatu aka ƙirƙiro shi ba. Shi ma a cikinsa ya girma. Ina ganin duka biyun sun faɗi gaskiya: babban Textura na littafin coci abu ne, ƙanƙanin rubutun littafin ɗalibi mai cike da gutsattsarin kalmomi abu ne daban.

Magadan Petrarch a Florence, irin su Poggio Bracciolini da Niccolò Niccoli, su suka nemo mafita wajen 1400. Sun tono tsofaffin littattafan Latin a gidajen sufaye, suka ga hannu mai zagaye mai sarari, suka ɗauka shi ne na Rumawan dā, suka farfaɗo da shi da sunan tsohon rubutu, Antiqua. Kuskure suka yi, domin hannun zamanin Charlemagne ne, wato kakan Gotik ɗin da suke gudu. Sunan Gotik ma zagi ne daga bakin masanan Italiya: Goth ƙabila ce da ta afka wa Rum a shekara ta 410, sai aka laƙa sunanta a kan duk abin da ake gani na jahilai ne, ko da yake ƙabilar ba ta da hannu a rubutun ko kaɗan. A 1470 wani Bafaranshe, Nicolas Jenson, ya zuba Antiqua a ƙarfe a birnin Venice, kuma jikokin haruffansa ne kake karantawa yanzu haka.

Italiya ta koma, Faransa ta bi a ƙarni na 16. Ingila ta ɗan ja ƙafa: William Caxton ya buɗe maɗaba'arsa a Westminster a 1476 da haruffan Gotik, Baibul na Sarki James na 1611 ma da su aka fara buga shi, sannan a hankali suka koma na takardun doka da kanun labarai. Jamus da ƙasashen da ke ƙarƙashin tasirinta, Denmak da Norwe da Suwidin da Finlan da Latbiya, su suka riƙe.

A Jamus ɗin ne kuma salon ado ya kai maƙura. Da fari akwai Schwabacher, wanda ya bayyana a shekarun 1470, mai faɗi, mai sauƙin kai, rubutun jama'a. Da shi aka buga Sabon Alkawari na Martin Luther, jagoran Furotesta, a 1522, daga nan harafin ya fara ɗaukar launin aƙida: Gotik na Jamusanci da Furotesta, Antiqua na Latin da Rum. A bugun Baibul ɗin Luther na shekarun 1540, mai kula da gyaran ɗab'in, Georg Rörer, har ya yi wata dabara ta fara ayoyin rahama da harafin Jamus, na fushi da azaba da harafin Latin.

Fraktur kuwa ɗan fada ne. Sarki Maximilian na Ɗaya mutum ne mai son a tuna da shi, kuma ya gane maɗaba'a za ta yi masa abin da maroƙa ba za su iya ba. Ya sa aka zuba sabbin haruffa a kan salon marubutan fadarsa. Da su Johann Schönsperger na Augsburg ya buga masa littafin addu'a a 1513, sannan wani dogon waƙe na jarumtakarsa a 1517. A wannan na biyun, jelunan da ke fita daga haruffa suna lilo a saman layi da ƙasansa daban aka zuba su, ana liƙa su a inda ake so, don shafi ya yi kama da wanda hannu ya zana. A Nuremberg kuma malamin rubutu Johann Neudörffer da masassaƙin haruffa Hieronymus Andreae suka fito da sigar da mai zane Albrecht Dürer ya buga littattafansa da ita daga 1525, ita ce ta zama uwa ga na baya.

Mai son rarrabe dangin nan huɗu, ya dubi ƙaramin o kawai. A Textura gefe biyun a miƙe suke, a karye sama da ƙasa. A Rotunda ya kusa zagaye. A Schwabacher gefe biyun sun lanƙwasa sun haɗu da tsini, kamar ƙwallon dabino. A Fraktur gefen hagu a miƙe yake, na dama a lanƙwashe. Sai manyan baƙaƙe, inda Fraktur ya saki jiki: kowanne yana farawa da wata murɗaɗɗiyar jela wadda maɗaba'an Jamus suke kira hancin giwa. A nan kyan yake, a nan kuma matsalar take, domin A yana kama da U, B yana kama da V, I da J kusan abu guda ne. Ba a taɓa yin waɗannan manyan baƙaƙe don su jeru da junansu ba. An yi kowanne ne ya tsaya a gaba, ƙananan baƙaƙe su bi shi, kamar sarki da dogarai. Mai rubuta allon shago ko katin gayyata da ya jera kalma gaba ɗaya da manyan baƙaƙen Gotik ya tara sarakuna bakwai a kan shimfiɗa ɗaya, ba wanda zai gane kowa.

Tsarin yana da wasu ƙa'idoji da suka ɓace tare da shi. Akwai s iri biyu, dogo mai kama da f a farko da tsakiyar gaɓa, gajere a ƙarshe, kuma bambancin yana raba ma'ana: kalmar Wachstube tana iya zama ɗakin masu gadi ko bututun kakin zuma, s ɗin ne yake faɗa maka wacce. Babu karkataccen rubutu na jaddada kalma, sai dai a buɗa tsakanin haruffanta. In kalmar Latin ko Faransanci ta shigo jimla, sai a buga ta da Antiqua a tsakiyar Fraktur, wani lokaci ma jikin kalmar da Antiqua, ɗafinta na Jamusanci da Fraktur. Baƙuwar kalma ba ta da wurin ɓuya.

Daga nan zuwa siyasa ba nisa. Bayan mamayar Napoleon, kishin ƙasa ya kama Fraktur ya ce nasa ne, aka shiga gardamar da ta ci fiye da ƙarni guda. Ba ta rabu yadda za a zata ba: Jacob Grimm, wanda ba a fi shi hidima wa harshen Jamusanci ba, ya tsani Fraktur, kuma babban ƙamus ɗin da ya fara fitarwa da ɗan'uwansa a 1854 da Antiqua aka buga shi. Bismarck kuwa, shugaban gwamnatin Jamus, ya ce shi ba ya karanta littafin Jamusanci da aka buga da haruffan Latin. A 1911 maganar ta kai zauren majalisar dokokin Jamus, Reichstag, aka yi ta ta da jijiyar wuya, buƙatar komawa Antiqua ba ta sami shiga ba. Mu da muka ga hayaniyar da ta tashi lokacin da aka cire ajami daga ƙananan takardun naira a 2007 ba ma buƙatar a yi mana bayanin yadda siffar harafi take zama tuta.

Duk da rigimar, masu zana haruffa ba su daina aiki ba. Johann Friedrich Unger na Berlin ya gwada sassauta Fraktur a shekarun 1790, ya rage masa ado don ya kusanci Antiqua. Johann Christian Bauer ya bi ta ɗaya gefen a 1850 da Fette Fraktur, mai ƙiba, don tallace-tallace. A ganina wanda ya fi kowa fahimtar abin shi ne Rudolf Koch na Offenbach, wanda ya koma ga alƙalami mai faɗin baki ya fara daga tushe. Harafinsa Wilhelm Klingspor Gotisch na shekarun 1920 yana cikin mafi kyan Textura da aka taɓa zubawa, kuma shi ɗin dai ne ya zana Kabel, harafin zamani marar ado ko kaɗan. Bai ga saɓani tsakanin biyun ba.

Da 'yan Nazi suka hau mulki a 1933 sai suka rungumi Gotik a matsayin rubutun Jamus na asali. Aka fito da sababbi irin su Tannenberg da Element da National, an aske musu duk wata jela, sun tsaya ƙyam kamar soja a fareti, har masu sana'ar suka yi musu laƙabi da takalmin soja. Masu kiran a koma sabon salo suka sha wuya: an kori Paul Renner, mai harafin Futura, daga aikinsa na koyarwa a Munich, abokin sana'arsa Jan Tschichold ya tsere Suwizalan. Sai kwatsam, ranar 3 ga Janairu 1941, Martin Bormann, na hannun daman Hitila, ya fitar da takarda da umarninsa cewa abin da ake kira rubutun Gotik haruffan Yahudawa ne na Schwabacher, daga yau Antiqua ne rubutun hukuma. Zargin ba shi da tushe a tarihi. Dalilin da masana suka fi karkata gare shi a fili yake: Jamus ta mamaye Faransa da Holan da Polan, mutanen can kuma ba sa iya karanta sanarwar da aka manna musu. Kan takardar da ta ɗauko haramcin da haruffan Gotik aka buga shi. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. A shekarar ne kuma aka cire rubutun hannu na Sütterlin daga makarantu, abin da ya sa Bajamushen yau yakan kasa karanta wasiƙun kakarsa.

To ga abin mamaki: gwamnatin da ta kashe rubutun ita ce duniya ta liƙa masa sunanta. Bayan 1945 bai dawo cikin littattafai sosai ba, sai a goshin jaridu irin Frankfurter Allgemeine da Neue Zürcher Zeitung, da kwalaben giya, da allunan tsofaffin masaukai. A Jamus har yanzu yana ɗauke da wannan tabo, kuma masu tsattsauran ra'ayin ƙabilanci suna sa shi a tutocinsu, da alama ba su karanta takardar Bormann ba.

A wajen Jamus kuwa kowa ya ɗora masa abin da ya ga dama, tunda harafin da ba a karanta dogon zance da shi ya zama fanko, sai abin da ka zuba. Jarida tana nufin ta daɗe, a yarda da ita. Jami'a tana nufin martaba, shi ya sa irin su Engravers Old English da Morris Fuller Benton ya zana a Amurka a 1901 suka mamaye takardun shaida har suka iso bangon falonmu. A Meziko, inda maɗaba'ar farko ta nahiyar ta buɗe a 1539 da haruffan Gotik da aka kawo daga Sebil, masu fentin allon shago suna rubuta shi a kan rumfar mai nama da motar haya ba tare da wani nauyi ba. 'Yan asalin Meziko a Los Angeles suka mai da shi alamar unguwa a bango da a fatar jiki, daga can ya shiga rigunan mawaƙan gambarar zamani. Makaɗan da ke son a ji tsoronsu suna amfani da shi, ƙungiyar wasan baseball ta Amurka Detroit Tigers ma D ɗinsa ne a hularta. Al'ummar Amish ta Amurka, wasu Kiristoci masu riƙo da tsohuwar al'ada, ita ce kaɗai kusan ta rage tana rera waƙoƙin ibada daga littafin da aka buga da Fraktur, tana karanta shi a matsayin rubutu.

Wuri na ƙarshe da ya ɓulla shi ne wayar hannu. Matasan da ke rubuta sunansu a Facebook da WhatsApp da waɗannan haruffa masu ƙaho suna ɗauka wani salon rubutu suka sauya. Ba haka ba ne. Masana lissafi sun daɗe suna amfani da haruffan Fraktur a matsayin alamomi, don haka Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ya ware musu gurabe na musamman a 2001, kuma waɗannan alamomin lissafin ne ake kwafowa. A wurin kwamfuta ba haruffa ba ne, shi ya sa wani lokaci in ka nemi sunan mutumin ba ya fitowa, manhajar da ke karanta wa makafi allo kuma takan bi su ɗaya-ɗaya tana kiran sunan alama, ko ta tsallake su. Guraben 26 ne manya, 26 ƙanana, daga A zuwa Z. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Wanda ake kira Ɗanjuma ko dai ya yarda ya zama Danjuma, ko ya bar Ɗ ɗinsa tsirara a gaban haruffa shida masu rawani.